Akwai Ne Ko Babu, Mai Agogo?

Jama'ar zauren nan, a gyara zama, wadda ke tsaye ta jawo kujera. Ga wadda ba ta san ni ba, ni ce tsohuwar nan da kuke cewa bakinta ba shi da murfi. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana sun yi gemu, jikata har ta yi aure, kuma a wannan shekarun nawa ne Allah ya kawo mini manemi. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa har na gaji. Sai dai yau kaina ne ya ɗaure, ɗaurin da na rasa bakin zarensa.

Manemin nawa mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, tsakanin mai faci da kantin magani, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a rana. Agogon bangon marigayi ne ya tsaya na kai masa. Na tarar da dattijo fes, farar riga a goge, furfura a gyare, ya maƙala wani gilashi a ido ɗaya yana leƙen cikin agogo kamar mai neman ɓatacciyar allura. Ya gyara, na kai gida. Bayan nan agogon ya yi ta lalacewa, kuma tsakanina da ku, ni nake zare masa batir. Shi ma ya sani, don ran nan ya ce in daina wahalar da agogon mutane, in ba shi lambar wayata kawai.

Da magana ta yi ƙarfi, sai na kira babban ɗana. Yallaɓai nake ce masa tun da ya samu ofis mai sanyi ya fara magana da ni kamar yana karanta sanarwa. Ya zo ya zauna a kujerar falona mai tsayi, ya ajiye mukullin mota a kan teburin gilashi, matarsa ta raɓe a gefe tana wasa da gefen mayafi. Ya ce ya yi bincike, mutumin ba shi da abin faɗa, ba ya shaye-shaye, ba ya rigima, ya amince. Amma da sharaɗi. Za a yi mana gwajin ƙanjamau mu biyu, a asibitin abokinsa likita, kuma sakamakon a hannunsa za a damƙa.

Na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Na ce ni da gwiwata ke ƙara in na tashi kamar ƙofar da ba mai, ni za a yi wa gwajin 'yan mata?

"Mama, cuta ba ta tambayar shekaru," in ji shi. "Dole ne. Ba takarda, ba aure."

Ban iya musa masa ba, don lokacin auren 'yarsa ni ce na fi kowa ɗaga murya cewa sai an gwada yaron. Na ce to, ai ba wani abu ba ne, digon jini ne.

Suna fita na danna wa Mai Agogo saƙon murya, don ni rubutu a waya yana ba ni wahala, yatsana yakan taɓa harafi biyu a tare. Na ba shi labari ina ƙyalƙyala dariya, har da kwaikwayon muryar Yallaɓai. Mutumin da kafin in ajiye waya ya amsa, ranar nan na ga alamar ya saurara, shiru. Na yi wanke-wanke na duba, shiru. Na share tsakar gida da ba ta yi datti ba, na duba, shiru. Can sai ga rubutu gajere: "Ki zo shago gobe da hantsi. Ke kaɗai."

Zuciyata ta ba ni abu goma. Na ce ko zuciya ya yi an raina shi. Na ce ko tsoron allura yake, don na san maza masu gemu da suke suma in sun ga sirinji. Na ce ko dai wata ce ta riga ni. Washegari na fito da atamfata mai ruwan ganye wadda ban taɓa sa wa ba, na ɗaura ɗankwali na karkata shi gefe, na yafa farin mayafi mai ɗinkin zare a baki, na fesa turaren da surukata ta manta a ɗakina. In korata za a yi, a kore ni ina ƙamshi.

Na same shi ya zuba shayi kofi biyu. Ya tura ƙofar shagon ta rufu rabi, abin da bai taɓa yi ba. Agogunan bango suna ta ƙas-ƙas, kowanne da nasa lokacin. Ya jawo aljihun tebur, cikin ƙananan kusoshi da tsofaffin maɗauran agogo ya ɗauko wata farar kwalbar roba ya ajiye tsakaninmu.

"Hajiya, ba sai an kai ni asibitin kowa ba. Ina da shi. Wannan ne maganina."

Ina riƙe da kofin shayi a lokacin. Ban san sa'ad da na ajiye shi na goge hannuna da mayafi ba. Ya gani. Ya kalli kofin, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ba ni labari a hankali, kamar yadda yake kwance agogo. Matarsa ta yi ta ciwo, yau zazzaɓi, gobe tari, jibi gudawa. Aka yi ta maganin shawara da na sammu da na iska, ba wanda ya ce a duba wannan, don mace ce mai kamun kai, wa zai ma fara. Sa'ad da aka gano, jikin ya riga ya ƙare. Bayan an yi mata sutura, ba wanda ya aike shi, ya ɗauki ƙafarsa ya je aka gwada shi, alhali ko ciwon kai ba ya yi. Aka samu. Likita ya ce ya zo da wuri, cutar ba ta kai ga cin jikinsa ba. Tun ranar yake shan ƙwaya ɗaya kullum, yau wajen shekara goma, bai taɓa tsallake rana ba. Ban tambaye shi wa ya kawo wa wani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma ya daina tono.

Na ce to yanzu kana nufin kana ɗauke da ita a zaunen nan da kake?

"Akwai ta," ya ce, "amma ba a ganinta."

"Akwai ne ko babu?"

"Akwai. In aka auna jinina ba a gani."

"To ai shi ke nan, a je a auna, Yallaɓai ya ga babu."

"Gwajin da ɗanki yake so zai nuna akwai."

Na dafe kai. Na ce Malam, ni karatuna bai yi nisa ba, amma a inda na tsaya abu ko dai akwai shi ko babu shi. Kai ka ce akwai, ka ce ba a gani, ka ce kuma za a gani. Aljani ne? Ya yi murmushi, na farko tun da na shigo. Ya ce kada in yarda da bakinsa, tunda shi mai so ne, mai so kuwa ba ya shaida. In bi shi wajen malamar asibitin da ke duba shi, in tambaye ta duk abin da nake so. In na ji na fasa, ba zai riƙe ni a zuci ba. Abu ɗaya ya roƙa. A duniyar nan 'yarsa ɗaya ce ta sani, sai ni yanzu. Shagonsa da mutane yake ci, kuma ya san unguwa. Ya ce amana ce.

Jama'a, an taɓa ba kura ajiyar nama ta kwana lafiya? A hanyar gida ji nake kamar na haɗiye garwashi. Kuma don ƙaddara, ranar ce ranar kitsona.

Mai Kitso aminiyata ce, tare muke sauke labarin unguwa mu rarraba shi, ba wadda ke ɓoye wa wata. Na zauna a tabarma, ta danna kaina tsakanin gwiwoyinta, ta fara tsaga. Ko layi ɗaya ba ta gama ba ta ce na ji an fasa auren ɗan mai kantin taya? Wai gwaji aka yi, takarda ta biyo ta hannun kawun yarinya, kafin la'asar har masu sayar da ruwa sun sani. Yanzu yaron ko masallacin layinsu ba ya zuwa, mai shayi ma kofinsa daban ya ware masa. Ta ce kabari kusa ke nan, Allah ya kyauta.

Da a jiya ne, da ni zan ƙara gishiri. Yau na yi gum. Maganar ta taho har maƙogwarona, na ji ta tana ƙwanƙwasa haƙorana, na cije. Mai Kitso ta leƙo fuskata ta ce lafiyata kuwa, ko haƙori ne? Na ce haƙori ne. Ta ce to yaushe za a kai ni da angon nawa a ɗebi jinin tsufa? Na ce ta ja gashin a hankali, kaina ba na aro ba ne.

Ranar da muka je asibitin, ni na ce ya yi gaba in biyo baya, kada a gan mu tare. Wani ɗaki ne a ƙarshen baranda, benci biyu a waje, labule shuɗi, fanka na juyawa da ƙyar. Ina zaune ina satar kallon mutanen layin, ina neman ramammu masu ƙuraje irin waɗanda nake ji a labari. Sai na ga wata mai jego da jaririnta ɓul-ɓul, da wani ƙato da ya fi Yallaɓai tumbi yana cin gyaɗa. Na ce a raina ko dai mun ɓata ɗaki ne.

Malamar asibitin 'yar gajera ce mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar autata ba. Ta gaishe shi da Baba, ta tsokane shi wai yau ya zo da rakiya. Ya ce ta faɗa mini komai, ya ba ta izini, sannan ya fita ya bar mu.

Na ce 'yata, ki raba ni da wannan abu, akwai ne ko babu? Ta ce gwaji iri biyu ne. Na farko tambaya ɗaya yake yi wa jini, shin cutar ta taɓa shiga? A wajen Baba amsar e ce, kuma e za ta zauna har ƙarshen ransa. Na biyu ƙirga ƙwayoyin cutar yake yi. Maganin da yake sha ya danne su har na'ura ba ta iya samun abin ƙirgawa, kuma shekaru ke nan haka sakamakonsa yake fitowa. Ta ce wanda ya kai wannan matsayi, muddin yana shan maganinsa ana kuma duba shi, ba ya sa wa matarsa.

Na ce to ya warke ke nan. Ta ce a'a. Na ce to ba shi da lafiya ke nan. Ta ce Mama, in kina da hawan jini, shi ya fi ba ni tsoro a kan cutar tasa. Na ce kofi fa, in mun sha shayi? Ta ce ko cokali ɗaya muka yi ta lasa ba abin da zai same ni. Na tuna hannuna da na goge, na sunkuyar da kai.

Sai ta ce, ni fa, an taɓa gwada ni? Na ce ni da me? Ta ce ba dole, in ina so ne, yanzu za a yi a gama.

Kun san abin mamaki? Da Yallaɓai ya ce dole, dariya na yi. Da yarinyar nan ta ce in ina so, sai dariyar ta ɗauke. Na tuna marigayi da tafiye-tafiyensa na fatauci, wata biyu wata uku ba ya gida, Allah ya jiƙansa, ban ce ya yi komai ba, amma ni ban bi shi ba. Na tuna ƙarin jinin da aka yi mini a haihuwar auta. Na ce in na tashi na fita ba wanda zai tare ni. Kuma daidai wannan ne ya hana ni tashi. Na miƙa yatsa na kau da kai. Zaman jiran nan, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Ta dawo ta ce babu. Na ce babu irin na Malam ko babu na gaskiya? Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce babu na babu.

Kafin in fita na tambaye ta, ita a ganinta, dolen gwaji kafin aure daidai ne ko kuskure? Na so ta ba ni amsa ɗaya in riƙe in kai wa ɗana. Ta ce ta ga 'yan mata da dolen ta cece su, ta ga waɗanda ba don an tilasta musu ba da ba za su taɓa zuwa ba sai a kan gadon ɗauka. Ta kuma ga waɗanda dolen ta kora, suka sayi takardar ƙarya, ko suka gudu daga asibiti gaba ɗaya don tsoron hannun da sakamakon zai faɗa. Ta ce ita abin da ta sani, jinin mutum labarinsa ne, shi ya kamata ya fara ji, shi kuma zai zaɓi wanda zai gaya wa. A hanya na maimaita wa Mai Agogo, ina jiran ya zagi dole. Sai ya ce da an yi wa matarsa dole tun farkon ciwonta, wataƙila da yanzu tana raye. Na ce kai ma ka koma bayan Yallaɓai? Ya ce shi ba ya bayan kowa. Na ce ku duka kun haɗa baki ku haukata ni.

Kwanakin da suka biyo na yi su kamar kazar da ta rasa inda za ta yi ƙwai. In na tuna murmushinsa in ce na aura. In na tuna bakin unguwa, wanda rabinsa nawa ne, in ce ina. Saƙonsa kullum da safe yana zuwa, "An tashi lafiya?" kawai, ba ya tambayar komai. Ni kuma in amsa da "Lafiya lau", ni da nake cika masa waya da saƙon murya har ta yi zafi.

Ranar hutu da yamma Yallaɓai ya zo da matarsa. Ina tsakar gida ina ninke wanki. Ko zama bai gama yi ba ya ce ya yi magana da abokinsa likita, jibi da safe zai zo ya ɗauke mu. Na ce ni an riga an gwada ni, lafiyata ƙalau. Ya ɗaga gira ya ce a ina, da izinin wa? Na ce da izinin ƙafata. Ya ce madalla, saura shi. Na ce shi ba zai je asibitin abokin kowa ba. Ya ce me ya sa? Na ce dattijo ne, ba a jan dattijo kamar akuya. Ya ce wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya gudun allura. Na ce ba gudu yake ba. Ya ce to mene ne? Na ninke zanin da na riga na ninke.

Daga nan ya hau wa'azi. Shi ba don ya wulaƙanta kowa ba ne, uwa ɗaya gare shi, ya binne uba ba zai zuba ido a kawo masa abin da zai binne uwa ba. Na san da gaske yake. Sai ya ƙara da cewa irin waɗannan tsofaffin masu shiru-shiru su ne abin tsoro, mutum ya kashe matarsa da cuta ya zo yana neman ta biyu.

Nan ne jinina ya hau. Na yar da zanin na ce kai, kada ka ƙara. Mutumin da ya fi ka kula da lafiyarsa, kai da ko awon jini ba ka zuwa sai matarka ta yi kuka. Ai malamar asibiti da bakinta ta ce ba a ma ganinta a jininsa.

Surukata ta sa hannu ta rufe baki.

"Ba a ganin me, Mama?"

Na ce hawan jini. Ya ce ba a ganin hawan jini a jini? Na ce sukari nake nufi. Ya zuba mini ido, irin kallon da ubansa yake yi mini in na ce ban san wanda ya faɗa wa maƙwabta ba.

Na shige ɗaki na turo ƙofa, don gaggawa har sau biyu ina kiran lambar mai gas. Da ya ɗauka na ji ƙas-ƙas ɗin agogunansa a bayansa. Na ce Malam, na yi ɓarna. Ban faɗa ba, amma na faɗa. Na ba shi yadda aka yi, ina jiran ya kashe wayar, ko ya ce Allah ya isa, kuma da ya faɗa da ban ga laifinsa ba.

Bai kashe wayar ba. Ya dai tambaya ko wani ya ji ban da ɗana da matarsa. Na ce babu. Ya ce ai na yi ƙoƙari, shi bai zaci zan kai ranar hutu ba.

"Amma kafin komai, Hajiya, ke ba ki ba ni amsa ba. In kin fasa, ki ce masa ba kya auren tsohon, ki rufe maganar, ba sai na tona kaina a banza ba. In kina ciki, ni zan gaya masa da bakina."

Na tsaya riƙe da waya, ina jin takun Yallaɓai yana kai da komo a bakin ƙofa. Har yanzu da nake ba ku labarin nan ban gama gane akwai ɗin nan da babu ba. Na dai gyara ɗankwalina, na buɗe ƙofa, na miƙa masa wayar.

"Ungo," na ce. "Babanka ne zai yi magana da kai. Ka zauna tukuna, kuma ka cire hannu daga aljihu."